Ina Jiran Ya Bushe

Makon jiya mai gadin makarantar da nake koyarwa ya fesa wa waken da ya shuka a bayan aji maganin ƙwari. Ina tsaye gaban allo warin ya shigo ta taga. Na ajiye alli, na ce wa yara su kwafe abin da na rubuta, na fita na zauna a kan dakali. Ba kuka na yi ba. Na daɗe da daina yi wa wannan wari kuka. Zama kawai na yi har aka kaɗa ƙararrawa.

A Sabon Garin Wudil na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Mu Hausawa ne Kirista, daga ƙauyukan kewaye iyayenmu suka shigo gari. Ba mu da yawa. In an taru sujada ranar Lahadi, kowa ya san wanda bai zo ba, ya kuma san dalili. Gidanmu ɗakuna huɗu ne na ƙasa, da darbejiya a tsakar gida, a gindinta Kaka yake shimfiɗa buzunsa. Idonsa ya yi rauni tun kafin in yi wayo, don haka da na iya haɗa baƙi sai na zama idonsa. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika. Kullum da la'asar, in rana ta yi sanyi, zan ɗauko masa Littafi Mai Tsarki daga cikin jakar fata, in karanta, shi kuma yana gyara mini inda na yi tuntuɓe, don rabinsa yana kansa.

In ka san Wudil da bazara, ka san yadda kogi yake ja da baya ya bar farin yashi mai ƙuna, da gurabun ruwa nan da can. A waɗannan gurabu mata suke wanki, dabbobi su sha, kifi kuma ya taru ya rasa hanyar fita. Shekarata tara a wannan bazarar. Ƙanena yana da biyar. Yaro ne mai yawan tambaya, ba ya yarda a sa masa takalmi, kuma duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa.

Maƙwabcinmu, wanda katanga ɗaya ta raba mu, sana'arsa bandar kifi ce, yana kaiwa Kano. Majami'armu ɗaya. Baba muke ce masa kamar yadda muke ce wa mahaifinmu.

Wata Asabar da hantsi Mama ta ɗora mini kwandon wanki, ta ce mu yi gaba ni da ƙanena, za ta biyo mu in ta sauke tukunya. Da muka isa babu kowa a bakin gurbin sai maƙwabcin nan. Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, yana riƙe da galan rawaya, yana tsiyaya wani abu da yake mayar da ruwan fari kamar an zuba nono. Na ji warin. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kin tashi lafiya? Ina Mamanki?" ya ce.

Na ce tana tafe. Ya rufe galan ɗinsa ya bi ta cikin yashi ya tafi, bai ƙara cewa komai ba. Wannan shirun nasa shi ne abin da na fi juyawa a raina duk tsawon shekarun nan. Ya ga yara biyu a bakin ruwa da zafin rana. Kalma uku za ta isa.

Ƙanena ya ce ƙishirwa yake ji. Ya tsuguna a daidai wurin, ya kamfata da hannu biyu ya sha, sau uku. Ni na riƙe masa riga ta baya don kada ya faɗa ciki.

Ba a jima ba kifi ya fara tasowa, ciki sama, fari fat. Ƙanena ya yi ta tsalle yana tsincewa yana tarawa a kan yashi, wai zai kai wa Kaka. Kafin Mama ta iso ya fara amai. Kafin ta sauke tulunta jikinsa ya fara karkarwa, kumfa tana fita a bakinsa. Wani tsohon masunci, Musulmi, da ke gyaran koma can nesa da mu, shi ya saɓa shi a kafaɗa ya yi ta gudu har bakin titi. An kai shi asibiti. Ana kiran sallar azahar ya cika.

Ranar akuyoyi da dama sun mutu a bakin gurbin, har da saniyar wani Bafulatani. Babu wanda bai san abin da aka zuba ba. Abin da ya rage shi ne wanda ya zuba, kuma ni kaɗai na gani.

Bayan kwana bakwai dattawan ikilisiya suka zauna a ƙarƙashin rumfar majami'a. Aka kira ni. Na faɗi abin da na gani, na faɗi launin galan, na faɗi gaisuwar da muka yi. Aka juya wajen maƙwabcin. Ya ɗora hannunsa a kan Littafi, ya ce tun asuba yana hanyar Kano ranar, kuma surukinsa, wanda yake cikin dattawan, ya tabbatar. Ya dube ni da tausayi ya ce yarinya ce, firgici ya ruɗa ta. Aka yi addu'a aka tashi.

Da muka koma gida Babana ya sa riga zai tafi wajen 'yan sanda. Tsohon masuncin ma ya aiko cewa in ana bukatarsa zai faɗi abin da ya sani game da mutumin. Kaka ya miƙe daga kan buzu, ya laluba ya tare bakin zaure da sandarsa.

"Ba za ka je ba. Ramuwa ta Ubangiji ce, ba taka ba. Shi zai sāka."

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire rigar ya rataye. Tun daga ranar bai sake taka majami'a ba, bai kuma sake ɗaga murya a gidan ba, ko a kanmu.

Da la'asar Kaka ya sa ni na buɗe Zabura, wurin da ake cewa kada mutum ya damu da masu mugunta, domin kwanansu kaɗan ne, kamar ciyawa suke, da an yanke sai bushewa. Ya sa na maimaita. Washegari ma haka. Muka yi watanni a kan wannan shafi har gefensa ya yi baƙi da yatsana.

Ni kuwa yarinya ce, yadda aka faɗa haka na ɗauka. Na san yadda ciyawa take bushewa, ina ganin wadda ake yanko wa tumakinmu: yau kore, jibi ta yi rawaya ta kakkarye. Saboda haka kowace Lahadi nakan zauna inda zan hangi maƙwabcin sosai, in duba wuyansa da hannayensa ko sun fara. Ana waƙa ina dubawa. Ana wa'azi ina dubawa. In na ji tarinsa ta bayan katanga sai in tsaya cik da abin da nake yi, in saurara ko zai ci gaba.

Bai bushe ba. Masunta sun hana shi zuwa bakin kogi, sai ya koma sayen kifi daga wasu garuruwa, kasuwa kuma ta buɗe masa. Damina biyu ya sayi babur. Bayan nan ya sayi a-kori-kura. Ya rushe ɗakunansa na ƙasa ya yi na bulo, har inuwar gininsa take faɗowa tsakar gidanmu da safe. Wuyansa ya yi kauri. Matarsa ta haifi tagwaye maza, aka yi suna, aka aiko mana da abinci, Mama ta karɓa ta yi godiya ta juye wa kaji. Shekarar da na shiga sakandare ya yi wa majami'a kyautar bencina sababbi. A kansu muke zama, ni da Mama, don babu wasu.

Wata rana na rufe Littafin tun ban kai ƙarshen shafi ba.

"Kaka, yaushe zai bushe?"

"Littafin bai faɗi rana ba, Amarya."

"To mu ma ba a faɗa mana rana ba, amma ta zo."

Ya sa hannu ya shafa buzun kamar yana neman wani abu da ya faɗi.

A hankali na daina dubawa. Ba yafewa na yi ba, kada ka ɗauka haka. Wani abu ne ya kwanta a cikina, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ina gaishe shi in mun haɗu a hanya, ya amsa, ya tambaye ni karatu.

Daminar da Kaka ya kwanta ciwon ajali ina da shekara goma sha bakwai. Ɗakinsa yana warin danshi da man zafi. Wata la'asar ana yayyafi ya ce in bar inda muka saba, in nemo masa littafin mutumin nan da ya rasa 'ya'yansa duka a rana ɗaya. Na karanta masa wurin da mutumin yake ƙorafi cewa mugaye suna tsufa, suna ƙara ƙarfi, 'ya'yansu suna wasa a gabansu, shanunsu suna haihuwa, su gama kwanakinsu cikin daɗi su mutu ba tare da doguwar jinya ba. Ban taɓa sanin akwai irin wannan magana a ciki ba. Na sake karantawa don kaina.

"Ashe su ma sun gani," in ji Kaka.

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce in matso.

"Ranar da na tare ubanki, na faɗi abin da yake a rubuce. Gaskiya ce, ban janye ba. Amma ba ita ce ta tashe ni daga kan buzu ba. Tsoro ne. Na ce mu 'yan kaɗan ne a garin nan, in muka kai junanmu gaban hukuma za a yi mana dariya, ikilisiya ta rabu biyu. Sai na ɗauki maganar Allah na toshe ƙofa da ita. In ana shari'ar mutumin nan, ni ma za a kira ni."

Na ce masa ya sha kununsa kafin ya huce. Abin da ya zo bakina ke nan. Bayan kwana tara ya rasu. Motar maƙwabcin ce ta kai gawarsa maƙabarta.

Daga nan rayuwa ta yi abin da ta saba. Na yi karatu, na yi aure a Kano, na haifi uku. Babana ya bi Kaka bayan 'yan shekaru, bai taɓa ambaton sunan ƙanena a gabana ba har ya tafi. Mama ta ƙi barin gidan.

Bara, bayan an gama girbi, ta kira ni a waya ta ce maƙwabcinmu ya rasu. Na tambaye ta me ya same shi. Ta ce babu komai. Ya ci tuwon rana, ya zauna a kujerarsa jikoki suna wasa a gabansa, aka zo tashinsa aka tarar ya tafi. Na tsaya da wayar a kunne ina jiran in ji wani abu, ko daɗi, ko haushi, ko ma kunya. Babu abin da ya zo. Na ce mata Allah ya ba su haƙuri. Ta ce in zo in raka ta gaisuwa.

Wudil ta canza. Jami'a ta kawo mutane daga ko'ina, gidajen haya sun cinye filayen da muke wasa, yaran unguwa ruwan leda suke sha. Majami'ar ma an faɗaɗa ta, rabin fuskokin ban san su ba. Fasto matashi ne, ba a haife shi ba lokacin da abin ya faru. Ya yi wa'azi a kan kyakkyawan ƙarshen adali, ya lissafta alheran mamacin, jama'a suna cewa amin. Na duba Mama. Tana kallon ƙasa, hannayenta a kan cinya.

Bayan an dawo muka shiga wajen matarsa. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune a kan tabarma mata sun kewaye ta. Shekaru talatin da wani abu ita da Mama ba su wuce ina kwana da ina wuni ba. Mama ta durƙusa ta yi mata gaisuwa yadda ake yi. Za ta tashi sai matar ta kama hannunta da hannu biyu, ta jawo ta kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji don ina gefensu.

"Da yanzu yaronki yana da talatin da shida."

Mama ta dube ta.

"Da bakwai," ta ce. "Ya cika da damina."

Ta zare hannunta a hankali, muka sa takalmanmu muka fito.

Har yau ina zuwa sujada, ina kuma karanta wa 'ya'yana Littafin. Na gaskata akwai ranar shari'a, na gaskata ba a ɗora wa Ubangiji hannu a kan Littafi a wuce. Wani lokaci nakan gwada tunanin mutumin a tsaye a can, ana tambayarsa, babu suruki a gefensa. Hoton yakan zo, amma ba ya ɗumama ni. Duk abin da za a yi masa, ba a gabana za a yi ba, kuma ba zai sa yaro ɗan shekara biyar ya girma ba.

Da muka shiga gida ranar, Mama ta cire mayafinta ta ninke, ta zauna a bakin gado. Sannan ta tambaye ni ko zan kwana, don ta san yawan shinkafar da za ta auna.