Kifin Kaka Sumana

Sumana direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, tun yana saurayi. Tsakanin Kwatano da Yamai babu ramin hanyar da bai sani ba, kuma ko ya iso Gaya, garinsu, zaman da yake yi a layin duwan, yana jiran binciken kwastan, ya fi wanda yake yi a gidansa. A wannan jiran ya koyi girki. Yana da ƙaramin murhun gawayi da yake ɗaurewa a ƙarƙashin mota, da kasko ɗaya mai baƙin gindi. Girkin direba kuwa na sauri ne, domin ko yaushe ana iya cewa a tayar da mota.

Da idonsa ya fara yin hazo, sai ya ajiye tuƙi. Matarsa Hajjo ta riga ta rasu. Ƴarsa Mansura ce ke zaune da shi, ita da ƴarta Nuriya, tun da mijinta ya tafi aiki Lome. Kullum Mansura na tsallaka gada zuwa kasuwar Malanbil, inda take sayar da atamfa.

Nuriya yarinya ce mai surutu, amma ba ta da ƙoshin lafiya. Ciki ya kumbura, ƙafafu sirara, gudawa ba ta ƙarewa. An sha jiƙe-jiƙe har an gaji, sai a Yamai wani likita ya gano cewa jikinta ba ya karɓar alkama. Aka hana ta burodi da taliya da fanke, har soyayyen kifin bakin hanya, tunda a fulawa ake birkiɗa shi. Ciwon ya lafa, amma yarinyar ta shiga tsoron abinci. Kome aka ajiye mata sai ta ture kwanon.

Wata ranar kasuwa, la'asar ta yi sanyi Mansura ba ta dawo ba. Nuriya ta taso daga lakwal, wato makaranta, ta zauna gindin mangwaro ta haɗa kai da gwiwa. Tuwon da uwarta ta bari ko kallonsa ba ta yi ba.

"Amaryata, wa ya taɓa ki?" in ji Sumana.

"Kaka, kowa yana cin burodi da rana. Ni kaɗai ake kallo."

Tsohon ya miƙe ya shiga ɗakin shirgi, ya fito da murhunsa da kaskonsa. Da ma abokinsa Alfari, masunci, ya biyo da yankan giwan ruwa, kifi mai farar tsoka da ƙarancin ƙaya.

"Zo ki riƙe mini mafici. Yau girkin direbobi za mu yi."

Ya fere dankalin Hausa ya ɗora a wuta. Kifin ya yanka shi dogo-dogo kamar yatsu, yana bin kowane yanka da hannu yana laluben ƙaya, tunda ido ba ya gani sosai. Ya matsa lemun tsami, ya sa gishiri da ƴar tafarnuwa. Da ya jawo kwanon gari, sai Nuriya ta daina fifita.

"Fulawa ce!"

"Shinshina ki ji."

Ta kai hanci a hankali. "Masara."

"To, ke za ki birkiɗa da hannunki, don kada ki ce mijinki ya cuce ki."

Ta yi dariya, ta tsoma yatsu a garin. Man gyaɗa ya yi zafi, kifin ya shiga yana ƙara, ya fito ja-ja mai ƙaras-ƙaras. Ya soya tumatir da albasa da ɗan daddawa a gefe, bai sa barkono ba. Kafin a kira magariba kome yana cikin faranti.

Sumana bai ce mata ta ci ba. Ya ɗauki yanka ɗaya yana ci, yana ba ta labarin wani biri da ya taɓa sace masa tukunya a dajin Kandi. Labarin bai kai rabi ba ya ji hannunta a farantin. Ya ci gaba da magana kamar bai lura ba.

A haka Mansura ta shigo da ƙunshin kaya a ka. Ta ga bakin ƴarta duk maiƙo, ta saki kayan.

"Baba, da me ka shafa kifin nan?"

"Masara ce, Inna," Nuriya ta amsa da cikakken baki. "Ni na shafa."

Mansura ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gyale, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Tun daga ranar, abincin yamman Nuriya ya koma hannun kakanta. Wani lokaci da shinkafa, wani lokaci da doya. In ba a sami giwan ruwa ba, karfasa, sai ya zauna ya tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin majalisa suna tsokanarsa, wai namiji da furfura ya ƙare a bakin murhu. Yakan ce musu su zo su ɗanɗana, kuma da yawansu sun zo.

Kumatun Nuriya sun ciko kafin damina ta wuce. Yanzu ƙawayenta biyu suna biyo ta gida bayan lakwal, suna faɗa a kan wadda za ta birkiɗa kifi a gari. Mansura ta ce a saya masa babban kasko, ya ce a bari tukuna, wannan bai huje ba.