Bayan Mai Walda

Tartsatsi ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in ya ɓata mata rai. Tun yana saurayi yake walda a wata rumfa ta bakin titi, tsakanin mai faci da mai wankin mota. Ƙofofi, tagogi, gadajen ƙarfe, duk a tsugune yake haɗa su. Mutum ne mai son a faɗa masa magana kai tsaye: abu ya karye ko bai karye ba.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki guduma, sai miƙewa ta gagara. Ciwo ya kama ƙugunsa, ya gangara ƙafar hagu har tafin ƙafa. Ya yi ta shafe-shafe da daurewa, har babbar 'yarsa ta gaji ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya lallatsa bayan, ya ce sai an yi hoton da ake kira MRI.

A ɗakin hoton, ma'aikaciyar ta sa ya cire agogo da bel da makullai. Ta ce, "Baba, wace sana'a kake yi?"

"Walda."

Ta ɗago kai. "Ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

Ya yi dariya. "'Yata, ai kamar ki tambayi masunci ko ya taɓa jiƙewa ne."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce na'urar ƙaton maganaɗisu ce, in akwai ɓurɓushin ƙarfe a idonsa za ta iya fizgo shi. Aka tura shi wani ɗaki aka fara ɗaukar hoton ido. Yana tafe yana dingishi yana ce wa 'yarsa, "Ni da na kawo baya, an koma ido. Anya sun ji ni kuwa?"

Ido ya fito lafiya. Aka kwantar da shi, aka toshe masa kunne, aka zura shi cikin wani rami kamar bututu. Nan take na'urar ta hau ƙara, ƙwan-ƙwan-ƙwan, kamar ana dukan ganga. Shi a saninsa injin da ke irin wannan kuka ya kusa mutuwa. Ya so ya gaya musu, amma an ce kada ya motsa.

Da sakamako ya fito, likita ya nuna masa ƙashin bayansa a allo. Ya ce tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai ɗan faifai mai laushi kamar matashi. Masu hasken nan da sauran ruwa a jikinsu, baƙaƙen kuwa sun bushe sun lotse. "Wannan ma ya ɗan ɓullo ta dama."

"Dama? Likita, hagu ke yi mini ciwo."

"Na sani, Baba."

"To ko hoton wani ne?"

"Naka ne. Da yawa sa'o'inka bayansu ya fi wannan lalacewa a hoto, kuma ba sa jin komai. Wani kuma hotonsa tas, amma ba ya iya barci."

Tartsatsi ya dubi 'yarsa, ita ma shi take kallo. Ya ce, "To me hoton ya gano ke nan?"

"Ya gano ba sai an yi maka tiyata ba. Ka sha magani, ka riƙa tafiya da ƙafa, kada ka kwanta."

Wannan ta fi ɗaure masa kai. Abu ya lalace, a ce maganinsa a ci gaba da mora?

A gida matarsa ta tare shi. "Baban yara, me suka gani?"

"Sun ga ciwo a inda ba ya ciwo."

Ya bi maganar likita, ba don ya gamsu ba, sai don 'yarsa ta sa masa ido. Ya riƙa takawa zuwa rumfa, ya rage tsuguno. Sannu a hankali ƙafar ta sake shi. Da murnarsa ya koma asibiti ya ce a sake hoto ya ga yadda faya-fayan suka cika.

Likita ya yi murmushi. "Ba za su cika ba, Baba. In an sake, abin da ka gani shi za ka gani."

"To na warke ko ban warke ba?"

"Kana jin ciwo?"

"A'a."

"To, ka gani."

Bai ga komai ba. Ya fito ya tsaya a bakin titi, mota ta tsaya masa, ya ɗaga mata hannu ta wuce. Ya kama hanyar gida a ƙasa, yana tafe yana taɓa ƙugunsa ta dama, ko zai ji wani abu.