Dutsen Taimama

Ni na ce a je, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Lokacin yaƙin Nasara ne, ina sayar da atamfa a kasuwar Treichville, Baba kuma yana zaune wurina tun rasuwar Inna. Hannuwansa sun yi wani mugun ƙurji, likita ya naɗe su ya hana su ruwa, sai taimama yake yi a bangon ɗaki. Na ga tsoho yana ta ramewa a zaune, na ce, "Baba, tashi mu je ka sha iska kwana biyu. Ina kake so?" Ko tunani bai yi ba ya ce Kokumbo.

Kokumbo tsohon garin zinariya ne a ƙasar Bawule. Can Baba da ƙanensa suka fara yada zango da suka baro Damagaram, suna sayar wa masu haƙar zinariya goro da gishiri. Ƙanen ya ga zinariya ta fi goro, ya shiga rami, ramin ya rufta da shi. Ba a tono shi ba.

Juma'a muka kama jirgin ƙasa, muka kwana Dimbokro, Asabar motar kaya ta ƙarasa da mu. Wai gari! Ciyawa ta cinye ramuka, ƙarafan Nasara sun yi tsatsa, awaki na kwance a kansu. Baba bai tambayi kowa hanya ba. Ya hau tudu, ina binsa ina haki, har wani kwari da ƙatuwar bishiya ta tsiro a tsakiyarsa. Nan ne ramin ya rufta da ƙanensa. Ya daɗe yana addu'a. Sai ya sunkuya ya ɗauki wani farin dutse kamar dunƙulen hannu, mai jijiyoyi rawaya-rawaya. Ya buga 'yan yatsunsa a kai, ya shafa fuska, ya yi azahar a wurin. Da ya sallame ya ce in saka masa a jaka.

Gabana ya faɗi. A shekarun nan Nasara sun hana fatauci da zinariya, kuma idonsu a kan Hausawa yake, wai mu ke ƙetarar da ita ƙasar Ingilishi. Wani maigoro na Adjamé, ɗan garinmu, ɗan garin zinariya aka samu a battar tabarsa. Kaso aka kai shi, wato gidan yari, gawarsa aka fito da ita.

Na ce, "Haba Baba! Duk duwatsun duniya sai wannan?"

"Ba zinariya ba ce, ɗiyata, ƙyalli ne kawai. Da ita ce, da ba su bar ta ba."

"Ni na yarda. Gadin Nasara fa, zai yarda?"

Ya yi min kunnen uwar shegu. Tsohon nan in ya kafe, ko liman ba ya juya shi.

Lahadi muka juyo, jakar tana cinyata, tunda shi ba ya iya riƙo. Duk tashar da jirgi ya tsaya na ga gadi, ɗan sandan Nasara mai jar hula, ya shigo, sai in ƙanƙame jakar. Shi kuwa barcinsa yake sha har da minshari, ni ina jin kamar in tashe shi in yi ta masifa.

La'asar sakaliya muka shiga kwalekwale mai inji don ƙetarawa Treichville. Muna tsakiyar ruwa na hango gadi huɗu a bakin gaɓa, da wani Nasara a zaune kan kujera. Ƙunshi-ƙunshi suke kwancewa. Wata mata ma, garin rogonta suke motsawa da bakin bindiga. Na dubi hannuwan Baba, na tuna maigoron Adjamé. Wallahi tsoro ya gama cinye ni. Na zura hannu cikin jaka, na jingina da gefen jirgi kamar mai jiri, na saki dutsen a ruwa. Ƙarar inji ta rufe tsundum ɗinsa. Baba na can yana kallon gaɓa, leɓɓansa na motsi.

Da layi ya zo kanmu, gadin ya ga tsummokin da ke hannun Baba, ya ja da baya yana toshe hanci. Kuturu ya zata. Ya kaɗa mana sanda, "Ale, ale!" Jakar ko kallonta bai yi ba.

Baba ya yi dariya a hanya, rabon da in ji dariyarsa tun Inna na da rai. "Kin gani? Ke da tsoronki kamar farar kura."

Muna shiga gida aka kira magariba. Ya zauna kan buzu ya ce, "Miƙo min dutsen."

Na tsaya da jaka a hannu. Da kyar na ce, "Na jefa shi ruwa, Baba. Kaso na jiye maka."

Da ya zage ni, da ya fi min sauƙi.

"Shekara arba'in ƙanena yana can shi kaɗai," in ji shi. "Cewa na yi in kawo shi gida, mu riƙa salla tare."

Ya juya ga bango, ya buga 'yan yatsunsa, ya shafa fuska.