Kawu Rajista da Shafin da Ya Ɓace

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi a ɗakin rajista na wata ma'aikata, ɗaki mai taga ɗaya da kabad ɗin ƙarfe goma sha huɗu. Takarda ta shigo, ya buga mata hatimi, ya ba ta lamba, ya huda kusurwarta ya zura koren zare, ya ɗaure ta a fayil. Har ya yi ritaya ba a taɓa cewa takarda ta ɓata a hannunsa ba, shi ya sa dangi suke ce masa Rajista. Yana da wata ƙa'ida da yake taƙama da ita: in ya rufe fayil ba ya sake buɗewa don ya leƙa. Leƙe aikin magulmata ne. Shi lamba ta ishe shi shaida.

Da zaman gida ya gundure shi sai ya faɗa rubutu a wiki, kundin nan na intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani muddin ya nuna inda ya samo. Wannan sharaɗin ne ya saye zuciyarsa. Ya sa tebur a lungun falo, kusa da keken ɗinkin matarsa, yana buga kwamfuta da yatsa biyu. Shafin da ya fi ji da shi na ɗakin haihuwar unguwarsu ne. A ciki akwai layi ɗaya da ya faɗi shekarar buɗe shi, ya ce yayarsa, ungozoma, ita ta buɗe wurin da gado biyu da tukunyar dafa almakashi. Yaya ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ma ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Madogarar layin hira ce da wata jaridar intanet ta yi da ita.

Tun farko an gaya masa shafukan intanet suna mutuwa, sai mutum ya kai kwafi rumbun da ke adana su. Ya samo rumbu biyu, ya zauna ya auna su kamar masu neman aiki. Na farko ba ya ba da rasit, kuma wai yawo yake yana kwashe shafukan mutane ko ba a sa shi ba. Kawu ya ce wannan ba rajista ba ce, juji ne. Na biyu yana da hoton kwaɗon kulle ƙofa a goshinsa, yana ba da doguwar lamba, har ya aiko saƙo cewa an adana. Shi ya ɗauka. Shafi arba'in da uku ya kai can, kowanne ya rubuta lambarsa a wani littafi mai baƙin bango.

Wata Talata da hantsi saƙo ya zo daga mai duba shafukan wiki. Wani ya rubuto cewa ba ungozomar ce ta buɗe ɗakin ba, wani likita ne. An je duba hirar, jaridar ta daɗe da rufewa. An buɗe kwafin rumbu, babu komai a ciki. In ba a kawo madogara cikin kwana bakwai ba, za a cire layin.

Kawu ya karanta sau uku. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Malama, zo ki ji wani abu," ya ce da matarsa, wadda ta yi koyarwa a firamare kafin ta koma ɗinki. "Wai babu komai a ciki. Ga lamba kuwa."

Ta ɗage ƙafa daga keke ta leƙo. "To buɗe mu gani mana."

"Me zan buɗe? An adana. Su suka faɗa da bakinsu."

"Rajista, tun da ka kai ka taɓa dubawa?"

Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta danna. Sunan jaridar ya fito ɓaro-ɓaro, ƙarƙashinsa tallan katifa, da wata mata tana barci tana murmushi. Daga nan har ƙasa fari fat. Ashe lokacin da rumbun ya je ɗaukar shafin, tallan ne ya riga labarin fitowa, shi kuwa ya ɗauki abin da ya tarar ya tafi.

"Allah ya jiƙan Yaya," in ji Malama. "Shekara biyu kana gadin katifa."

"To lambar ta mece ce?"

"Ta katifar ce."

Ya jawo littafin ya bi lambobin da yatsa. Babu kuskure ko ɗaya. Abin da ya kasa shiga kansa ke nan. A ɗakin rajista, in akwai lamba akwai takarda. Bai taɓa ganin inda ɗaya ta zauna ba ɗayar ba. Ya tashi ya buɗe kabad ɗin ɗakin kwana, ya ciro kwafin hirar da ya taɓa bugawa a firinta, ya ɗauki hotonsa da waya ya aika. Mai duba ya amsa da ladabi cewa takarda ce da kowa zai iya bugawa a gidansa, kuma a hannun ƙanin marigayiyar take. Kawu ya mayar da takardar kabad. Da shi ne a kujerar, abin da zai faɗa ke nan.

Kwana uku yana rubuta wa rumbun mai kwaɗo wasiƙa, da "Ranka ya daɗe" da lambar fayil a sama. Kowacce amsa ɗaya take samu cikin daƙiƙa: an karɓi saƙonka, ga lambarsa. Ya rubuta waɗannan lambobin ma a littafi, don bai san me zai yi da su ba.

Ran Asabar Malama ta ajiye masa shayi ta ce, "Jujin nan naka fa? Ba ka ce yana kwashe na kowa ba?"

"Ban kai masa ba."

"Ai ka ce ba ya jira a kai masa."

Ya buɗe rumbun farko, ya sa adireshin tsohuwar jaridar yana gunaguni. Kalanda ta fito, rana ɗaya da da'ira a kanta. Ya danna. Sai ga Yaya da farin ɗankwalinta na aiki, ta harɗe hannu a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, ga maganarta a ƙasa: gado biyu, tukunya ɗaya, ni na buɗe ƙofar nan. Kawu ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wa ya kai?" ya tambaya.

"Oho. Wataƙila na'ura ce, wataƙila wani ne."

"Wa ya sa hannu ya karɓa? In ya ɓata gobe wa za a tambaya?"

"Malam, karanta dai."

Ya karanta har ƙasa, inda aka ce ci gaba a shafi na biyu. Ya danna, aka ce ba a adana wannan ba. Shekarar da aka buɗe ɗakin kuwa a shafi na biyun take.

Ya aika abin da ya samu. Mai duba ya amince: sunan ungozoma zai zauna, shekara za ta fita sai an sami madogara. Ya kuma ba shi shawara ya riƙa kai kowane shafi rumbu biyu, ya buɗe kwafin ya karanta da idonsa kafin ya dogara da shi.

Kawu ya san shekarar sarai. A shekarar ya fara aiki, shi ya ɗauko wa Yaya ƙafafun gadon a kan kekensa. Ya buɗe layin, ya goge lambobi huɗun da yatsa ɗaya, ya karanta abin da ya rage a fili. Sunanta na nan.

"Ya yi?" Malama ta tambaya daga kan keke.

"Ban sani ba," ya ce. "Sun ce ya yi."