Ƙarar da Inna Ta Haɗa

Shekarar da aka yi mini aure ce matan ƙauyenmu, can kudu da birnin Madani, suka gaji. Muna tsinkar auduga a hawasha, wato gonakin da ake ɗaukar mu ƙwadago, tare da maza. Sikeli ɗaya ake ɗora wa kwandunanmu, amma kuɗin na mace bai taɓa kai na namiji ba. Wai tamu ta fi ganye. Ƙarya tsagwaronta, su da har ƙirare suke haɗawa don sauri.

Inna, mahaifiyata, ita ta bi gida gida. Tun rasuwar Baba da wannan auduga take ciyar da ƙannena. Ta ce kada kowa ta je ita kaɗai a kore ta, mu kai ƙara guda da bakinmu duka.

Lajna, kwamitin dattawan gari, ta zauna a ƙofar gidan shehu, mai garinmu, don jin ƙarar. Har da wani ɗan garinmu da ya zama ɗan majalisa, ya zo da rawani kamar kwandon wanki. Mata ba sa zama cikin maza a wurinmu, sai muka jeru bayan katanga muna saurare, muna dafa musu gahawa.

Tun hantsi har la'asar ba wanda ya taɓa maganar sikeli. Abin da ya dame su shi ne ko ya halatta mata su zama baki ɗaya. Wani tsoho ya ce, “Ya jama'a, in sunka yi ƙarya, wa za mu kamawa?” Ɗan majalisa ya yi ta zuba Larabcin rediyo a kan adalci, yana miƙo kofi ta saman katanga a ƙara masa. Ban taɓa raina manya irin na ranar ba.

Daga ƙarshe shi ya kawo mafita, har da tafi. Kwandon kowace mace a auna shi da sunan mijinta, a biya kuɗin maza, miji ya karɓa.

Inna ta ɗaga murya ta bayan katanga. “To ni da ba ni da miji fa?”

Ya ce, “Ya Hajja, ba a taɓa doka don mutum guda. Ki kawo taki ƙarar ke ɗai, ta bakin maigidanki. Halas, shi ke nan.”

Ya san sarai inda maigidan nata yake, da shi aka yi jana'iza.

Ranar awo Inna ta karɓi tsohon kuɗinta. Ni ko ficika ba ta shigo hannuna ba, mijina ne ya tsaya gaban sikeli ya cusa nawa a aljihun jallabiyarsa. Muna tafiya gida ya waiwayo yana murmushi, ya ce, “In kin je gidanku ki gaishe min da Inna. Wallahi ta yi muna ƙoƙari.”