Wadda Gwaggo Ba Ta Rufewa

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, na ƙudurta tattara gatanan gidanmu, wato tatsuniyoyi. Har layi na ja a takarda: na dabbobi, na mutane, na iskoki, na asalin gari. Da hutu na tafi Kore Mairuwa wurin gwaggona, wadda ke zaune gidan ɗanta, ɗan kasuwa mai tsananin riƙon addini. Ta yi bori da ƙuruciya, kuma kafin ya ɗauko ta daga ƙauye sai da ya kafa mata sharaɗi: babu zancen iska a gidansa, in ba haka ba ta koma inda ta fito.

Da na ajiye salula, wato wayar hannu, gabanta don ɗaukar muryarta, sai ta yi mini kallon ɓarawon akuya.

"Wa ya aiko ka? Shi na?"

Na rantse ba kowa. Ba ta yarda ba. Kwana biyu kura da zomo kawai take ba ni, kowace ta rufe da ƙurunƙus, idonta na kan ƙofa. Haushi ya kama ni, don waɗannan ko ɗalibaina sun sani.

Rana ta uku, muna ɓarar wake, ta sassauta murya ta ba ni labarin doguwa, iskar da ta nuna wa kakar kakarta inda za a gina rijiyar ƙauyensu. Ta kai ƙarshe ta ci gaba da ɓarar wake. Ni sarkin iyayi na tuna mata ba ta rufe ba. Ta ce layukana shirme ne, iri biyu kawai ake da su: wadda ake rufewa don ƙarya ce, da wadda aka gada, ita ba a rufe ta.

Ashe ɗanta yana tsaye bayan danga. Na yi wuf na ce ai tatsuniya ce kawai, aikin makaranta. A zatona ceto na yi.

"To, Inna," ya ce a hankali, "in gatana ta, rufe ta mu ji."

Ni ta duba, ba shi ba. Ta daɗe tana juya ƙwayar wake a tafinta, sannan ta ce ƙurunƙus.

Tana nan gidan har yau. In na je gaishe ta, aljihuna take fara duba kafin fuskata.