Safiya da Kalmar Daji

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Safiya, 'yar yayana, kuma har yau in na ji an ce "ciwon daji" sai gabana ya faɗi. Cutar ta ɗauke mana yarinya, amma sunan ma, wallahi, na tsane shi.

Tana da shekara bakwai likitoci a Kano suka ce sai an fita da ita Masar. Dangi da mutanen gari suka yi karo-karo. Uwarta na ƙauyen Utai da tsohon ciki, sai tafiyar ta faɗo kaina, ni gwaggonta, malamar firamare a Sabon Garin Wudil, wadda ko Kaduna ba ta taɓa wucewa ba.

A can muka tarar da wasu ɗalibai mata 'yan ƙasarmu da suka ɗora wa kansu zagaya iyalan yara masu jinya. Su suka sama mana ɗaki, su ne tafintocinmu, su ke kawo tuwo da miyar kuka a kula. A cikinsu akwai wata Rabi, siririya, mai tsokanar tsiya.

Safiya yarinya ce mai surutu kamar rediyo, amma tunda muka sauka ta yi gum. Ko allura aka yi mata ba ta kuka. Na ɗauka jarumta ce, har ina yabonta. Rabi ce ba ta yarda ba. Wata rana tana sa mata lalle, tunda gashin da za a kitsa ya zube, ta ce, "Ke 'yar Utai, me ya hana ki kuka?"

Safiya ta ce, "Ai ni na jawo, Anti. Inna ta hana ni bin awaki daji, na bi. Shi ne dajin ya kama ni."

Innalillahi! Ashe manya na ta kiran sunan a kanta, ita kuwa ta fassara shi ita kaɗai, tana karɓar kowace allura a matsayin horo. Na rantse mata ba haka ba ne, ta ce lallashinta nake. Rabi ta je ta taho da likitan, ta yi masa bayani. Bawan Allah ya durƙusa a bakin gado, ya nuna mata sauran yaran ɗakin, ya ce a tsakiyar birni aka haife su, ba wanda ya taɓa kiwo. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka zo allura ta tsala ihu, ni kuwa ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Yanzu taimako ya ƙaru. A waya ake yaɗa labarin yaro, kafin ka ankara an fita da shi, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai nakan ce, wa zai zauna ya tambayi yaron abin da yake zato? Da Safiya na nan ta ji 'yan boko suna cewa "kansa", na san tsaf za ta ce, "Kan wa?" ta tuntsire da dariya. Abin da ta bar mini ke nan: duk yaron da ya cika haƙuri a gadon asibiti, sai na ja kujera na zauna kusa da shi.

A can Masar aka binne ta. Kafin ta cika ta ba ni saƙo, ta ce ba a waya ba, baki da baki: "Gwaggo, ki gaya wa Inna ba dajin ba ne, likita ya faɗa. Ta daina fushi da ni."

Na isar da shi a ƙofar ɗakin uwarta, tana goye da jariri. Ta dube ni, ta ce, "Fushi? Yaushe na yi fushi da ita?"

Har gobe in mun keɓe sai ta sake tambayata. Wadda ya kamata ta ji amsar kuwa tana kwance a Masar.